Zaren nilon da aka yar a ruwa bai daina kamu ba

 Darasinmu na wannan fitowa a kan wani ƙaramin abu ne, wanda ido ba ya ko ganinsa sosai. Muna nufin guntun zaren fatsa, da yagaggiyar raga, da ƙugiyoyin da suka tsinke suka zauna cikin ruwa.

Duk wanda ya je bakin tabki da rani, lokacin da ruwa ya ja baya, ya san abin da muke faɗi. Zai ga zare ya nannaɗe kututturen itace. Zai ga guntuwar raga cikin taɓo, da ƙayar kifi a cikinta. Duk inda ake su da nilon akan samu irin wannan, ko a tabkin Madarunfa ne, ko Tabalak, ko Gidimuni, ko Komadugu, ko kogin Kwara wanda Zabarmawa ke kira Isa. Amma abin da rani ke tonowa kaɗan ne. Sauran yana can ƙasan ruwa, inda ba mu gani.

Akwai mutanen da suke ganinsa da idonsu. Su ne masu nutso da tulun iska a ƙasashen bakin teku. Mu a Nijar ba mu da teku. Duk da haka zaren da ke kama ƙafarsu shi ne zaren da ake sayarwa a kasuwanninmu. Sun daɗe suna fama da shi, har sun tsara ka'idojin kuɓuta daga gare shi. Za mu duba yadda suke yi, sa'an nan mu ɗauki abin da zai amfane mu.

Abin da ya bambanta nilon da zaren dā

Kakanninmu sun yi su da zaren auduga da igiyar rama. Idan ragar auduga ta ɓace cikin ruwa, takan ruɓe, ta koma ƙasa. Shi ya sa masuncin dā yake shanya ragarsa kullum, yana ɗinke ta, yana tattalinta.

Nilon, wanda wasu ke cewa nailan, ba tsiro ba ne. A masana'anta ake haɗa shi, dangin roba ne. An ƙago shi a Amurka a shekarar 1935, a kamfanin DuPont. A 1939 kamfanin ya fara sayar da zaren fatsa na nilon. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 ragar nilon ta bazu a duniya, ta ture ta auduga. Masunta sun karɓe ta hannu biyu, kuma suna da hujja. Ba ta da nauyi, ba ta ruɓewa, kifi ba ya ganinta, kuma tana da ƙarfi.

To, waɗannan halaye da suka sa muke son nilon su ne suke mayar da shi mugun abu ranar da ya kuɓuce daga hannun mai shi. Tun da ba ya ruɓewa, zai zauna. Masana suna ƙiyasin cewa zaren fatsa na nilon yana iya kaiwa shekara 600 cikin ruwa kafin ya narke. Ƙiyasi ne, domin nilon kansa bai cika shekara 100 a duniya ba. Amma ko da rabin haka ne, ya ishi jikokin jikokinmu. Tun da kifi ba ya ganinsa, mutum ma ba ya ganinsa, balle a ruwanmu mai laka. Ƙarfinsa kuwa, zaren da kaurinsa rabin milimetir ne kawai yana ɗaukar fiye da kilo 10 bai tsinke ba. Idan aka ja shi, miƙewa yake yi kamar danƙo, yana shiga cikin fata.

Ragar da ta ɓace ba ta san mai ita ya tafi gida ba. Tana nan a shimfiɗe, tana kamu. Karfasa ta shiga ta mutu. Tarwaɗa ta ji wari, ta zo cin mushe, ita ma ta maƙale. Idan matattun kifi suka yi yawa, ragar ta nutse ƙasa. Idan suka ruɓe, ta yi sauƙi, ta sake tasowa, ta koma aiki. Haka za ta yi ta yi wata da watanni, wani lokaci shekaru. Wannan kifi ba wanda ya ci shi, ba wanda ya sayar da shi. Turawa suna kiran wannan abu sun fatalwa, kuma sunan ya dace.

Yawan abin da ke ɓacewa

A shekarar 2022 wasu masana na ƙasar Ostireliya suka buga sakamakon wani bincike. Sun yi hira da masunta 451 a ƙasashe 7. Suka gano cewa kusan kashi 2 cikin 100 na kayan su na duniya suna ɓacewa a teku kowace shekara. A ciki akwai doguwar igiya mai ƙugiyoyi, irin wadda muke kira mamari, mai tsawon kusan kilometir 740,000.

Mu yi lissafi tare, tun da mun koyi rabawa. Kewayen duniya kilometir 40,000 ne. Idan muka raba 740,000 gida 40,000, za mu samu 18 da rabi. Wato igiyar da ke ɓacewa a shekara ɗaya ta isa ta ɗaure duniya sau 18, har da saura. Ba a sa raga da tarkuna cikin wannan lissafi ba.

Su wane ne masu nutso da tulun iska?

Mutum ba kifi ba ne. Idan ya nutse, numfashin da ya shiga da shi ke nan. A shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Jak Kusto da Emil Ganya, suka ƙera na'urar da ke ba mutum iska daga tulun ƙarfe yana ƙarƙashin ruwa. Mai nutso yana goya tulun a baya. Tiyo ya fito daga bakin tulun zuwa bakinsa. Yana sa tabarau mai rufe ido da hanci, da takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Yana da agogo mai nuna masa sauran iskar da ta rage.

Iskar nan tana da iyaka. Ga misali. Tulu mai litir 12, idan aka matsa masa iska sosai, yana ɗaukar litir 2,400. A ce mutum yana shaƙar litir 20 a minti ɗaya a saman ruwa. Tulun zai kai shi minti 120. Amma ruwa yana da nauyi, yana danne iska. A zurfin metir 10 mutum yana shan ninki biyu, tulun ya ƙare a minti 60. A zurfin metir 30 yana shan ninki huɗu, tulun ya ƙare a minti 30. Idan kuwa tsoro ya kama shi, yana haki yana fizge-fizge, iskar za ta ƙare tun kafin haka.

Wani abu kuma: ba shi da damar ya taso da gudu. Iskar da ya shaƙa a ƙasa matsattsiya ce. Yana tasowa tana kumbura. Daga zurfin metir 10 zuwa sama takan ninka girmanta sau biyu. Idan ya riƙe numfashi ya taso a guje, huhunsa na iya fashewa. Dole ya hau a hankali, yana fitar da numfashi.

Yanzu mu duba halin da yake ciki idan zare ya kama shi. Lokacinsa ƙidayayye ne. Gudu bai halatta gare shi ba. Kuma jikinsa cike yake da abubuwan da zare ke so: bakin tulu, tiyo, maɗaurin takalmi. Mafi sharri shi ne bakin tulun, domin yana bayan wuya, inda ido ba ya kaiwa, hannu ma da ƙyar.

Abin da ake koya musu idan zare ya kama su

Abu na farko da malamansu ke koya musu shi ne tsayawa. Mai nutso yana tafiya, sai ya ji an riƙe shi ta baya. Zuciya za ta ce masa ya juya ya ga mene ne. Wannan juyawa ita ce halaka. Zaren da ya kama shi wuri ɗaya, idan ya juya, ya naɗe shi wuri uku. Mun san yadda akuya ke yi da igiyarta a jikin turke: tana zagayawa, igiya tana gajercewa, har ta kai wuyanta ga turken. Haka zaren nilon yake yi wa mai fizge-fizge.

Saboda haka sai ya tsaya cik. Ya yi numfashi mai tsawo, sau biyu ko uku, har zuciya ta kwanta. Ya dubi agogon iska. Sa'an nan ya lalubo da hannu inda zaren ya kama. Sau da yawa, idan ya ja da baya kaɗan, ta hanyar da ya shigo, zaren zai saki, ya zare shi da yatsa ba tare da yanka ba.

Idan bai saki ba, sai ya kira abokinsa. Ka'idarsu ce ba a nutso mutum ɗaya. Biyu-biyu ake shiga, kowa yana lura da ɗan'uwansa. Tun da ba a magana cikin ruwa, da hannu ake kira, ko a ƙwanƙwasa tulu da ƙarfe. Abokin yana ganin bayan da mai shi ba ya gani. Shi ma ba ya faɗawa kai tsaye. Yakan zagaya daga nesa, ya gane inda zaren ya bi, kada a zama mutum biyu cikin tarko ɗaya.

Daga nan sai yanka. A nan akwai abin lura. Mutane suna zaton babbar wuƙa ita ce magani. Masu nutso sun gano ba haka ba ne. Zaren nilon idan ya yi sako-sako, wuƙa zamewa take yi a kansa. Sai an ɗame shi da hannu ɗaya, a yanka da ɗayan. Shi ya sa da yawansu suka fi son almakashi mai ƙarfi, ko wata ƴar ƙugiya mai reza a cikinta, domin hannu ɗaya ya isa a yi aiki da su. Kuma ba abin yanka ɗaya suke ɗauka ba. Biyu suke ɗauka, a wurare dabam, a ƙirji ko a ƙugu, inda hannun dama da na hagu duk za su kai. Wuƙar da ke ɗaure a ƙwauri ba ta da amfani ga wanda raga ta ɗaure wa kafaɗa.

Idan duk wannan ya gagara, sai ya kwance tulun daga bayansa, tiyo yana bakinsa, ya warware zaren, ya sake goyawa. Wannan sai wanda ya sha gwaji a ruwa marar zurfi.

Kwashe zaren daga ƙasan ruwa

Ba kuɓuta kaɗai suke yi ba. Da yawansu idan suka ga zare sukan kwashe shi, don kada ya kama na baya. Wannan ma da ka'idarsa.

Ba a naɗa zare a hannu ko a yatsa. Idan ɗayan bakin yana maƙale a dutse, ko igiyar ruwa ta ja shi, mai naɗawa ya ɗaure kansa da kansa. A jikin guntun itace ko kwalba ake naɗawa. Ko kuwa a yanka shi gajere-gajere, ana zubawa cikin jaka. Ana sa safar hannu. Ana bin zaren a hankali, domin ba a san inda ƙugiya take ba. Idan an same ta, sai a soke bakinta cikin toshiyar kwalba, ko a jefa ta cikin gwangwani mai murfi. Mai aikin yakan tsaya ta inda ruwa ke fitowa, don abin da ya yanke ya yi gaba, kada ya dawo kansa. Kuma ba ya ɗaura kaya mai nauyi a jikinsa. Babbar raga sai ƙungiya: wasu na yanka, wani na tsaye yana kallo kawai, sa'an nan a ɗaura mata jakunkunan iska su taso da ita.

Akwai kuma lokacin da barin zare ya fi cire shi. A teku akwai murjani. Yana kama da dutse, amma halitta ce mai rai, kuma gidan ƙananan kifi ne. Yana girma a hankali ƙwarai. Idan zare ya daɗe a jikinsa, murjanin yakan girma ya rufe shi. Wanda ya fizga zai karya abin da ya yi shekaru yana ginuwa. Sai a yanke zaren ta nan da ta can, a bar guntun da ya shige ciki. Haka kuma idan iska ta yi ƙasa, ko ruwa ya gurɓace, ko abokin tafiya ya gaji, a bar aikin. A riƙe wurin a ka, a dawo wata rana da shiri.

Wannan aiki ba na Turawa kaɗai ba ne. A Dakar ta ƙasar Sanagal akwai ƙungiyar Oceanium. Wani gwanin nutso, Haidar El Ali, ya shugabance ta shekaru da yawa. Shi da abokansa sun yi ta nutso suna ciro ɓatattun raguna daga ƙasan teku, suna nuna wa masunta hotunan abin da ke ciki. Daga baya ya zama ministan muhalli a 2012, sa'an nan ministan su a 2013. Dokar su ta Sanagal ta 1998 ta hana ragar nilon mai sili ɗaya, dokar 2015 ta sake hanawa. Amma raga ce mai araha, mai kamu, doka kaɗai ba ta raba masunta da ita ba. A ƙasar Holan ma an kafa ƙungiyar masu nutso a 2012 don wannan aiki, wadda yanzu ake kira Ghost Diving. Wasu ragunan da ake cirowa a Turai ana kai su masana'anta, a mayar da su sabon zare, a saƙa safa da darduma.

Mu dawo tabkinmu

Masuncinmu ba shi da tulu. Idan ragarsa ta maƙale a kututture, yakan tuɓe riga ya faɗa ruwa da numfashi ɗaya. Yawancin mutane ba su wuce minti ɗaya ba su shaƙi iska ba, balle suna aiki. Mai tulu yana da mintoci na tunani. Namu ba shi da su. Saboda haka tunaninsa dole ya yi shi tun yana cikin jirgi.

Kafin a shiga, a gwada daga sama. A koma da jirgi ta inda aka fito, a ja ragar ta baya. A sa gwafa ko doguwar gora a ɗaga ta. Sau da yawa wannan ya isa.

Idan shiga ta zama dole, kada a shiga sai da mutum a sama, wanda ba abin da yake yi sai kallo, da wuƙarsa a hannu. A cire duk abin da ke iya maƙalewa: riga mai faɗi, agogo, zobe, laya, kambu, guru. Ba raini muke yi wa kayan kowa ba. Zaren nilon dai ba ya zaɓen abin da zai kama. A riƙe gajeriyar wuƙa mai kaifi, cikin kube, ɗaure a damtse ko a ƙirji. A kafa gora a ƙasan ruwa, a bi ta a sauka, a bi ta a hau. Kada a ɗaura igiya a ƙugu inda ruwa ke gudu, domin ita ma tarko ce. Ba a shiga da almuru ko da dare. Ba a shiga a gajiye. Ba a shiga lokacin da kogi ya kawo ruwa.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata a bari. Wasu kafin su nutse sukan yi ta jan numfashi da sauri, sau goma ko ashirin, wai don su daɗe. Wannan ba ya ƙara wa jini iska ta kirki. Abin da yake yi shi ne ya kashe ƙararrawar da ke gaya wa mutum lokacin tasowa ya yi. Sai mutum ya suma cikin ruwa bai ji komai ba. Numfashi ɗaya mai kyau, cikin natsuwa, ya isa.

Idan zare ya kama ƙafa, ka'idar masu tulu ita ce tamu: kada a juya, kada a yi harbi da ƙafa. A kai hannu wurin, a matsa kusa da inda zaren ya fito don ya saki, a zare ko a yanke. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Idan ya zama ko raga ko numfashi, a yanke ragar. Akwai wata a kasuwa.

Idan kuma ta ƙi fita, kada a juya baya a manta da ita. A ɗaura mata gora ko bidon roba ya yi ta yawo a sama, don kowa ya san wurin. A gaya wa sarkin ruwa. A hana yara wanka a gefen. Idan ruwa ya ja baya, a dawo a ciro ta. A ganinmu wannan haƙƙi ne a wuyan mai raga, kamar yadda mai rijiya ba ya barin bakinta a buɗe a kan hanya.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma yara suna da yawa a ciki. Idan muka ga wani yana nutsewa, mu fara miƙa masa gora, ko mu jefa masa igiya ko rufaffen bidon da ba kome a ciki. Wanda zai shiga ya ciro shi, ya shiga da wuƙa, domin abin da ya riƙe na farko yana jiran na biyu. Idan an fito da shi ba ya numfashi, kada a rataye shi kai ƙasa, kada a danna masa ciki. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a hura masa iska a baki. A danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa, wani kuma ya ruga neman taimako. Idan ya farfaɗo, a kwantar da shi ta gefe, a kai shi gidan likita ko da ya ce ya warke. Ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan wasu awowi. Yana da kyau kowane garin masunta ya roƙi ma'aikatan lafiya su koya wa mutum biyu ko uku wannan aiki da hannu, domin karatu kaɗai ba ya isa.

Idan ƙugiya ta shiga jiki

Ƙugiya tana da ɗan haƙori kusa da bakinta, mai kallon baya. Shi ke hana kifi zarewa, shi ke hana ta fita daga naman mutum. Idan haƙorin bai shige ba, ana iya zare ta a hankali ta inda ta shiga. Idan ya shige, kada a fizga, domin za ta yaga nama da jijiya. A yanke zaren, a naɗe wurin da tsabtataccen ƙyalle don kada ta motsa, a tafi gidan likita. A can akwai allurar kashe zafi da kayan cirewa. Idan a ido ne, ko fuska, ko wuya, ko gaɓa, kada kowa ya taɓa sai likita.

A wanke rauni da sabulu da ruwa mai tsabta. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai. Babban abin tsoro shi ne tetanos, ciwon da ke ƙulle muƙamuƙi, ya sandarar da jiki. Mutane suna cewa tsatsa ke kawo shi. Ba tsatsa ba ce. Ƙwayar cutar tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma tana son rauni mai zurfi mai ƙaramin baki, irin na ƙugiya. Bakin tabkin da dabbobi ke sha kuwa cike yake da ƙasa da kashi. Akwai allurar rigakafi. A nemi a yi ta ranar da aka ji raunin. Idan wurin ya kumbura, ya yi ja, ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya zo, a koma likita ba jinkiri.

Dabbobi da injuna

Makiyayi ma yana da kaso cikin wannan asara. Saniya ta shiga shan ruwa, zare ya naɗe mata ƙafa sama da kofato. Ba ya ganuwa cikin gashi. Kwana kaɗan ƙafa ta kumbura, ta fara ɗingishi. Wanda ya ga dabbarsa na ɗingishi bayan ta dawo daga tabki, ya shafa ƙafar da yatsa ya nemi zare tun bai shige nama ba. Awaki da shanu kuma suna haɗiye guntun raga tare da ciyawa. Yana taruwa a tumbi kamar leda, dabba ta yi ta ramewa. Agwagi da tsuntsayen ruwa suna rasa ƙafa ko fiffike. A kogin Kwara akwai ayu, wanda da huhu yake numfashi kamar mu. Idan raga ta riƙe shi a ƙasa, mutuwa zai yi.

Mai noman rani ya lura da bakin tiyon injin ban ruwa. Zare da guntun raga suna toshe matacin, injin ya yi ta kuka ba ruwa. Mai jirgin inji kuma ya riƙa duba bayan farfela. Zare yakan naɗe a wurin, ya cinye robar da ke tsare mai, ruwa ya shiga, gyara ya zama babba.

Ina za a kai tsohon zare?

A Amurka kamfanin Berkley yana karɓar tsohon zaren fatsa tun 1990, yana narkar da shi. A jihar Fulorida ana kafa bututun roba a wuraren fatsa don a riƙa zubawa a ciki. Mu sai mu yi da abin da ke hannunmu. Kowane jirgi ya ajiye kwalbar roba mai murfi. Duk guntun da aka yanke wurin ɗinkin raga, duk zaren da ya cukurkuɗe, a tura shi ciki, kada a jefa ruwa. Yara masu fatsa ma a ba su tasu kwalbar.

Kada a ƙona nilon a murhu ko kusa da ɗaki, hayaƙinsa yana cutar da ƙirji. Kada a watsa shi a juji, domin kaji da awaki za su same shi, iska kuma ta mayar da shi tabki. A yanka shi gajere, kada ya wuce taƙi ɗaya, ya zama ba ya iya naɗe ƙafar kome. A rufe cikin kwalba ko gwangwani, a binne da zurfi, nesa da ruwa da gona. Ragar da ke da sauran ƙarfi a tufka ta igiya, ko a yi ragar ɗaukar ciyawa da ita. Dalmar da ke jikinta a cire a sake amfani da ita, amma a ɓoye ta daga yara, domin dalma guba ce idan ta shiga ciki.

Lokacin babban aikin shi ne ƙarshen rani, watan Afrilu da Mayu, sa'ad da ruwa ya yi ƙasa ƙwarai, kututture suka fito fili. Sarkin ruwa da mai gari su sa rana, a gayyato ma'aikatan ruwa da dazuzzuka. Manya su shiga da takalmi a ƙafa, da lauje da almakashi da buhu. Yara su tsaya a tudu, saboda ƙugiyoyin da ke cikin taɓo. A fara da mashayar dabbobi da wurin da mata ke wanki, sa'an nan a bi kututturan da aka sa wa alama da damina, ɗaya bayan ɗaya.